Karatun likitanci ta waya: abin da aka tattauna a Ringim

Da hutun Sallah, ɗaliban likitanci 'yan Ringim, wasu daga Jami'ar Bayero wasu daga ta Dutse, suka zauna da ƙannensu a karatu masu shirin shiga aji biyu na likitanci. Maganar data ce ta fi cin lokaci. Shawarar da aka tsaya a kai ita ce a sauke bidiyon YouTube, irin na Ninja Nerd, wata tasha mai koyar da darussan likitanci, tun ana cikin gari inda sabis ke da ƙarfi, don a ƙauye ko caji sai an kai wa mai janareta. Bidiyo yana taimakawa wajen gane yadda ƙoda ke tace jini, amma a jarrabawa abin da malami ya koyar za a tambaya, saboda haka a riƙa komawa littafi.

Rukunin WhatsApp na aji, a kashe masa ƙara. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa kuwa a Telegram suka fi zama, tunda manyan fayiloli ba sa ɓacewa.

Wata 'yar aji biyar ta ja kunne sosai: kada a kuskura a ɗora hoton majiyyaci, ko an rufe fuska. A ƙauye, zanen da ta ɗaura kaɗai ya isa a gane matar wane ce.