Me ya kayar da Vice da BuzzFeed News, alhali matasa na bin su?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ni da abokaina muna shirin buɗe shafin labarai na Hausa don matasa, gajerun bidiyo masu rubutu a ƙasa irin na AJ+, waɗanda mutum zai kalla cikin adaidaita sahu ko bai kunna sauti ba. Muna da waya mai kyamara mai kyau, da makirufo na maƙalawa a riga, sai kwamfuta ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin Vice, wani kamfanin labarai na matasa da ke Amurka. A 2017 an ƙiyasta darajarsa ta kai dala biliyan 5.7, amma a watan Mayun 2023 ya durƙushe, masu bin sa bashi suka karɓe shi a kan dala miliyan 350. BuzzFeed News kuwa, shi ma shafin labarai na Amurka, an sanar da rufe shi a Afrilun 2023, shekara biyu kacal bayan ya ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka. Idan manya sun faɗi haka, mu da muke farawa ina za mu dafa? Don Allah masu sani a ba mu shawara.

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba rashin masu karatu ne ya kashe su ba. Masu karatun nan ba nasu ba ne, na Facebook ne. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya sanar cewa za a riƙa fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka wallafa a kan na kafofin labarai, nan take jama'ar da ke kwarara zuwa shafukan irin waɗannan ta ragu. Mic, wata kafar matasa a Amurka, ƙarshen shekarar ta sallami yawancin ma'aikatanta, aka sayar da ita da arha. Zanen aro ba ya rufe katara. Ga shi kuma kuɗin talla Google da Facebook ne ke kwashe kaso mafi tsoka, aikin bincike kuwa tsada gare shi. Rahoton da ya ciwo wa BuzzFeed News kyautar nan, kan sansanonin tsare Musulmi a yankin Xinjiang na ƙasar China, da hotunan tauraron ɗan adam aka yi shi, an daɗe ana aikinsa. Talla ba ta biyan irin wannan wahala.

Kada kuma ka auna kanka da AJ+. Tun da aka ƙaddamar da ita a 2014 Al Jazeera ce ke riƙe da ita, kuɗin kuwa daga Qatar suke fitowa.

Uwar Biyu:
Malam ya yi gaskiya, amma ni Vice ban ji tausayinsu sosai ba, facaka da kuɗin masu zuba jari ma ta taimaka. Ɗan'uwa, kada ku ce za ku yi tsere da BBC Hausa ko TRT Afrika wajen labaran duniya, ba ku da wakilai. Ƙannena abin da suke nema daban ne: yaushe JAMB za ta buɗe rajista, yaya ake cike neman rancen karatu na NELFUND, wane tallan aiki ne na damfara. A nan ne ake da giɓi. Kuma ku tausaya wa data, bidiyo mai nauyi ba mai buɗe shi.

Ɗan Fagge:
Na gode, Malam, na gode Yaya. To idan ba Facebook kaɗai ba, ina za mu tara mutanenmu?

Tsohon Edita:
Ku buɗe tasha a WhatsApp da Telegram, ku kuma mallaki shafinku na intanet ko da ƙarami ne. Tun watan farko ku fara zagayawa wurin masu shagunan waya a Farm Centre ku nemi talla, ku rubuta ko nawa kuke kashewa a data da cajin kaya.