Kyamarar tsaro a layin unguwa: wa zai riƙe abin da ta ɗauka?

Mazaunin Ƙofar Ƙaura ya tambaya:

Assalamu alaikum. Mutanen layinmu a nan Katsina sun yi shawarar haɗa kuɗi domin a kafa kyamarorin tsaro a bakin layi da ƙofar masallaci, saboda satar babura da ƙwacen waya sun yi yawa bayan sallar isha'i. Wasu magidanta sun ƙi amincewa, suna cewa wadda za a ɗora a kan bene za ta riƙa hango tsakar gidajensu, inda iyalinsu ke harkokinsu ba lulluɓi. Shin akwai dokar da ta tsara wannan, kuma amfanin abin ya kai a samu saɓani da maƙwabta a kansa?

Wani lauya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, magidantan nan suna da hujja. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa, sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC), ta shafi duk hoton da za a iya gane mutum da shi. Ɗaukar titi domin tsaro yana da madogara, amma leƙa tsakar gida ba shi da ita. Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai riƙe lambar sirrin na'urar, domin idan aka bar ta a wayar kowane matashi, wata rana bidiyon 'yar wani tana zance a ƙofar gida zai zagaye WhatsApp, kuma ba a janye abin da ya riga ya fita. Ku rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa: mutum biyu su riƙe lambar, a ƙayyade kwanakin da ake ajiye hoto kafin a goge, kada kuma a ba kowa sai 'yan sanda idan an kai ƙara.

Mai haɗa kyamarori daga Daura:

Kyamarar da aka kafa can saman bene ba ta da amfani ko ga tsaron, domin saman hular ɓarawo kawai za ta nuna muku. A sauko da ita daidai inda za ta kama fuska da lambar babur, a karkatar da ita ga titi, kuma yawancin na'urorin suna ba da damar rufe wani sashe na hoton da baƙi. Ku tanadi sola da batir tun farko, tunda ɓarawo ya fi son daren da aka ɗauke wuta. Ku ware kuɗin gyara kuma. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar China kwangilar dala miliyan 470 wadda ta haɗa da kyamarorin Abuja, amma yawancinsu ba su daɗe suna aiki ba.

Wata malamar Islamiyya:

Allah Ya hana bin diddigin sirrin juna a aya ta 12 ta Suratul Hujurat. Tunda mata ne abin ya fi shafa, ina ganin kafin a kunna na'urar a kira matar aure ɗaya daga kowane gida ta kalli allon da idonta, ta tabbatar katangarsu ce iyakar abin da ake gani.