Bayan kyamarar 4x5 da na haɗa da hannuna: a gilashi tar, a fim dishi-dishi

mai_zugazugi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa haɗa bayan babbar kyamara da kansu, don wlh abin nan ya fara hana ni barci.

Wata tsohuwar kyamarar katako ce mai ɗaukar fim inci 4x5 ta faɗo hannuna, zugazuginta lafiya lau ba huda ko ɗaya, gaba ma ƙalau, na ɗaura mata lensi 150mm f/5.6, sai dai bayan ne babu shi kwata-kwata, wato inda gilashin dubawa yake zama da inda ake zura holdar fim, wato siririn akwatin da ake saka fim a ciki mai murfin da ake zarewa. Sai nace bari in haɗa da kaina tunda ina ɗan taɓa aikin katako. Na yanka allo daidai bakin kyamarar, na huda taga a tsakiya, na kafa 'yan sanduna uku da zasu riƙe holda, sannan nayi firam na daban na gilashin, na ɗaure shi da roba don in na turo holda ya ɗaga ta shige ƙarƙashinsa.

To ga matsalar. In na rufa da baƙin mayafi na saita, hoton a gilashi tar yake, har gashin ido ina ƙirgawa da gilashin ƙara girma. Amma da na wanke fim sai in ga idon mutum dishi-dishi, kunnensa da jinginar kujera su ne suka fito raɗau. Fim huɗu kenan duk haka. Ƙanina na zaunar kamar mita ɗaya da rabi daga kyamara, kuma bai motsa ba, na tabbata. Sannan akwai wani haske da yake shigowa ta gefe ɗaya, gefen da ake zare murfin holda, ya wanke bakin hoton kamar faɗin yatsa biyu. Lensin ne ko ni ne? Ta ina zan fara?

tsohon_mai_hoto

Wa alaikumus salam ɗana. Lensinka bashi da laifi, tunda ya baka hoto tar a gilashi to zai bayar a fim. Abin da ya faru shi ne inda gilashin yake tsayawa daban, inda fim yake tsayawa daban. Duk aikin bayan kyamara a nan yake, sauran ado ne: fuskar gilashin da aka goge dole ta zauna daidai gurbin da fuskar fim zata zo ta zauna in ka zura holda. Kana saitawa a wuri ɗaya kana ɗauka a wani wurin, ina zaka ga daidai.

Kuma tunda kace abin da ke BAYAN ido ne ya fito fes, to gilashinka ya fi fim nisa da lensi. Fim in ya matso kusa da lensi abin nesa yake kamawa. Amsa mini biyu: gogaggen ɓangaren gilashin ina ya kalla, lensi ko kai? Lensi ya kamata ya kalla, mai santsin yana wajenka. Na biyu, daga fuskar firam ɗin da ke kwanciya a jikin kyamara zuwa fuskar gilashin, milimita nawa ne?

Ƙa'idar holdar 4x5 ta zamani, irin su Fidelity da Lisco da Riteway da Toyo, zurfinta inci 0.197 ne, wato milimita 5 kusan cif, kuma kuskuren da aka yarda da shi inci 0.007 ne kawai sama ko ƙasa, bai kai milimita 0.2 ba. Na 5x7 inci 0.228 ne, na 8x10 kuma 0.260. Kaga ba aikin ƙiyasi da ido bane.

mai_zugazugi

Nagode Baba, Allah ya ƙara girma. Gogaggen ɓangaren lensi yake kallo, wannan kam na kiyaye. Zurfin kuma 5 na yanka da rula. Amma yanzu da kayi maganar sai na tuna, bayan na gama na liƙa karammiski a fuskar firam ɗin gilashin zagaye don kar haske ya shiga kuma kar ya riƙa goge fenti. Ko shi ne?

tsohon_mai_hoto

Shi ne mana. Karammiski da gam ɗinsa zai iya kai milimita ɗaya, ya ɗaga maka gilashin baya, ita kuwa holda tana zuwa ta kwanta kan katako tsirara. A nisan da ka zaunar da ƙaninka da lensi 150, hoton ya ƙanƙance kamar kashi ɗaya cikin tara, to kuskuren milimita ɗaya a bayan kyamara yana komawa wajen santimita 8 a gaban kyamara. Daga ido zuwa kunne kenan. Ɓare shi duka. Firam ɗin gilashi baya buƙatar tare haske ma sam, ai lokacin da kake dubawa ba fim a ciki.

kafintan_dare

Malam mai_zugazugi sannu da ƙoƙari, nima nabi ta wannan hanyar, sau uku ina sake nawa kafin ya zauna. Abinda Baba ya faɗa haka yake amma inaso in ƙara wani abu akan lambar nan 0.197, don mutane suna ta jayayya akai, wasu sunce har saman fim ake nufi wasu sunce har farantin da fim ke kwanciya akai ne, to shi fim ɗin kansa kaurinsa kusan inci 0.007 ne, kaga in ka cire sai ya koma 0.190 wato kamar milimita 4.8. Ni dai shawarata kar ka tsaya jayayya da takarda, holdar da zakayi aiki da ita tana hannunka, ita zaka tambaya. Saka mata lalataccen fim ɗaya cikin huɗun nan naka, zare murfin, ka gitta ƙarfen rula mai kauri a kan fuskarta, ka sa wutsiyar kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu na auna kauri da zurfi, ka auna daga rular zuwa fim, a tsakiya da kusurwa huɗu, a hankali kar ka danne. Ka cire kaurin rular. Kayi haka a duka holdojinka gaba da baya ka rubuta, zakaga basu zama ɗaya cif ba, sai ka ɗau tsaka-tsaki. In baka da kalifa ma tsinken sakace ya isa, ka manna shi a gefen rula da ɗan maƙali har bakinsa ya taɓa fim, sai ka ɗauke rular yadda take ka ɗora kan firam ɗin gilashi. In tsinken bai taɓa gilashi ba to gilashin yayi nisa, in rular ta ƙi zama tana lilo to yayi kusa.

Abinda na koya da wahala: ka yanka matattarar gilashin ta GAZA kaɗan, kamar 4.5, sannan ka ciko da 'yan falle-falle a ƙarƙashin gilashin har ka iso lambar. Gwangwanin lemo in ka yanka shi da almakashi kaurinsa wajen milimita 0.1 ne, uku ko huɗu a kowace kusurwa sun gama maka aiki. Ƙari yana da sauƙi, ragi ne wahala. Kai da ka riga ka yanka 5, in awo ya nuna sai ka rage, liƙa samfefa a kan gilashi mai kauri ko wani abu shimfiɗaɗɗe sosai, ka kifa firam ɗin kana murzawa kana juya shi don kar gefe ɗaya ya fi cinyewa, kana yi kana aunawa.

Maganar haske kuma, duba fuskar holdarka ta wajen da murfi ke fita, akwai wani ɗan siririn tudu da ya gitta ta daga gefe zuwa gefe. Ka yanka masa kwarmin da zai faɗa a jikin allonka? In baka yanka ba to akansa holdar take hawa, gefen ya ɗage, haske ya samu ƙofa, kuma fim ɗin ma ya karkace. Shi tudun aiki biyu yake, yana tare haske yana kuma riƙe holda kar ta biyo hannunka in kana zare murfi. In ta faɗa daidai har ɗan ƙas zakaji.

Kuma dan Allah cire robar nan. Roba tana saki, ga zafi ga tsufa. Nemi tsohuwar waifar mota, cikin robarta akwai siraran ƙarafa guda biyu masu tauri, su na lanƙwasa nayi sifirin da su, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na ɗaure tsakiyarsu da sukuru a jikin allo bakunansu na danne firam ɗin. Tsohon bakin zarton ƙarfe ma yana yi in ka goge haƙoran amma yana karyewa wajen lanƙwasa.

sabon_shiga_45

Ni fa gani nake wahalar tayi yawa yallaɓai. Me zai hana ka nemi bayan wata matacciyar kyamarar Graflex, irin Graflok ɗin nan da suka fito da shi tun 1949, ka ɗaura a kan allonka kawai? An riga an gama maka awo a masana'anta, ga sifirin ga gilashi, kuma gobe in kana son saka bayan fim na naɗi sai ka cire gilashin ka maƙala da 'yan sakatun nan biyu. Allon kawai zaka yi.

kafintan_dare

Hakane ƙanena, wanda ya samu ya huta, ban musa ba. Sai dai ko shi a auna, don da yawa an taɓa su, wani ya canza gilashi wani ya cire firesnel ɗin ciki (siririn lensin da ke ƙara wa hoton gilashi haske) bai mayar ba, awon ya gudu. Kuma mutumin nan ya riga yaci rabin aiki, abinda ya rage masa bai wuce yamma biyu ba.

uwar_ɗakin_duhu

Sannunku da aiki. Malam kar ka sake ƙona fim wajen gwaji, yi da takardar wanke hoto. Ana yanka ta a saka a holda ƙarƙashin jan fitila kana gani da idonka, ƙarfinta wajen ISO 3 zuwa 6 ne, minti kaɗan ka wanke ka gani. Ta ɗan fi fim kauri amma zata nuna maka inda ka dosa, in ya so gwajin ƙarshe sai kayi da fim ɗaya.

Yadda nake yi: in kwantar da doguwar rula a karkace tana nisantar kyamara, in soka allura a kan lamba ɗaya, ince 15, in buɗe lensi gaba ɗaya a f/5.6 in saita kan allurar da gilashin ƙara girma, in ɗaure komai tamau, in ɗauka. A buɗe fa, don in ka tsuke zuwa f/22 zurfin saiti zai rufa wa kuskuren asiri kace ka gyara alhali yana nan. In ka wanke sai ka duba wace lamba ce ta fi fitowa. In 15 ce alhamdulillah. In ta bayanta ce gilashi ya matso gaba, in ta gabanta ce ƙara falle.

Na haske kuma gwaji biyu ne. Da dare ka kunna ƙaramar tocila ka saka cikin zugazugi, holda na ciki, ka kashe fitilar ɗaki ka zauna minti biyar sai idonka ya saba, sannan ka zagaya kana leƙen kowace gaɓa. Da rana kuma ka saka takarda, shota a rufe, ka zare murfi ka bar kyamarar a rana kana juya ta wasu mintuna, ka wanke. Fara fat ya kamata ta fito. Inda allon ya haɗu da jikin kyamara kayi masa ɗan mataki ya shige ciki, haske baya shan kwana, can ne wajen karammiskin naka in kana so. Cikin duka baƙin fenti mara sheƙi, amma inda holda ke kwanciya shafa ɗaya siririya ta isa.

Wani abu, ka yanke kusurwoyin gilashin huɗu kaɗan. Iska na samun hanyar fita in kana tura zugazugi, kuma ta nan zaka leƙa kaga ko ƙofar lensi tana ganuwa cikakkiya daga kusurwa. In kuma zaka ƙara firesnel don hoton yayi haske, ɗora shi ta wajenka a bayan gilashi. In ka saka shi tsakanin lensi da gilashi yana matsar da saiti kamar sulusin kaurinsa, ka koma gidan jiya.

mai_zugazugi

Jama'a na dawo, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na aro kalifa na auna. Holdojina uku da fim a ciki sun bani tsakanin 4.8 da 4.9, gilashina kuwa da karammiskin 6.1 yake, wlh sai da na sake aunawa sau uku. Na ɓare, na kankare gam, ya dawo 5.1, na murza a samfefa kamar yadda Malam kafinta yace har na wuce kaɗan, sai na ciko da falle biyu na gwangwani a kowace kusurwa. Kwarmin tudun ma ashe ban yanka ba sam, ban ma lura da tudun ba sai da na shafa da yatsa. Na shafa masa alli na zura holda ya bar mini layi, na bi layin na yanka. Yanzu tana shiga naji ƙas ɗin nan.

Hajiya nayi gwajin rula da takarda jiya da yamma. Allurar ta fito har ramin zarenta ana gani, 15 fes, 14 da 16 sun fara laushi daidai wa daida. Na daɗe tsaye da takardar a hannu tana ɗigar ruwa ina kallo. Hasken gefe ma ya tafi saura ɗan kaɗan a kusurwa ɗaya, ina zargin holda ɗaya ce murfinta ya gaji don sauran biyun basu yi.

Saura sifirin. Na samo ƙarafan waifa na ɗaura amma sunyi ƙarfi da yawa, in zan zura holda sai duk kyamarar ta motsa akan ƙafarta, saitin da nayi ya gudu. In rage lanƙwasar ne ko in ƙara musu tsawo?

kafintan_dare

Madalla, barka da arziki. Ƙara tsawo, kar ka taɓa lanƙwasar tukuna. Dogon sifirin ya fi laushi kuma ƙarfinsa baya canzawa sosai tsakanin lokacin da gilashi ke zaune da lokacin da holda ta ɗaga shi, nawa kusan tsawon firam ɗin gaba ɗaya suke. Sannan ka ɗan fere bakin firam ɗin ta inda holda ke shiga yayi gangare, ka goga kyandir a sandunan gefe, ka kafa ɗan maɗauki da zaka sa babban yatsa ka ɗaga gilashin kafin ka turo ta. Gwajinsa kuma, juya kyamarar ta kalli sama da holda a ciki ka ɗan girgiza, in bata saki jikin allo ba ƙarfin ya isa haka.