Abin da aka tsayar kan wasanmu na ƙwallon ƙafa na kusa da na ƙarshe

1. Baki ya zo ɗaya kan cewa a tsakiya aka sha kashi. Tsarin 4-4-2 ('yan baya huɗu, 'yan tsakiya huɗu da biyunsu ke gefe, 'yan gaba biyu) ya bar mana mutum biyu a tsakiya gaban mutum uku na abokan karawa, lamba shida, ɗan tsakiya mai tare wa 'yan baya, ya yi ta gudu shi kaɗai har numfashi ya ƙare masa tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Shawarar mafi yawa: a koma 4-3-3 (mutum uku a tsakiya, uku a gaba), lamba takwas, abokinsa a tsakiya, ya riƙa komowa baya.

2. Fili rairayi ne, ƙwallo ba ta gudu a ƙasa. A rage gajeren fasin a gaban raga, a riƙa ɗaga ta zuwa gefe.

3. Ƙwallaye biyun da aka ci mu duk daga bugun kwana ne. Ba wanda ya tsaya a turken raga na kusa da mai bugun. A sa mutum ɗaya a wurin, dogaye biyu su riƙe masu buga ƙwallo da kai.

4. Kan gola aka rabu. Wasu sun ce a ajiye shi a benci saboda tsoron fitowa, wasu sun ce laifin 'yan baya ne. Ni dai ina tare da na biyun.

5. Atisaye ya koma bayan la'asar, tunda da safe yara suna gona.