Shawarwarin majalisa kan tafiyar filin gishirin Uyuni

A wata majalisa a Birnin Kebbi aka yi hirar Uyuni, filin gishirin ƙasar Bolibiya da ya haura murabba'in kilomita 10,000, wanda ake ratsawa da jif cikin kwana 3 har iyakar Chile.

Abin da aka fi nanatawa shi ne tudu. Filin yana kan tsayin mita 3,656 sama da teku, wurin maɓuɓɓugar tururi ta Sol de Mañana da ke kan hanyar kuma ya kusa mita 4,900. Mu mutanen fadamar Rima, jikinmu bai san wannan ba: ciwon kai, haki, rashin barci. Wani likita ya ce a fara kwana biyu a Sucre, wani birnin Bolibiya da bai kai filin tudu ba, jiki ya saba, a yawaita shan ruwa, mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa ya ga likitansa tukuna. Ni dai a nan na fi ba shi gaskiya.

Sanyin Yuni da Yuli ya wuce hunturunmu nesa, ruwa na daskarewa da dare. A tafi da rigar sanyi mai kauri, da baƙin tabarau, don hasken gishirin na kashe ido.

Kan lokaci aka yi saɓani. Masu son hoto sun zaɓi Janairu zuwa Maris, lokacin da ruwa ke kwanciya filin ya koma madubi, sai dai mota kan kasa kaiwa tsibirin Incahuasi da ke tsakiyar filin.

Wani Alhaji ya tambayi abinci. Aka ce masa: "Alhaji, naman ba yankanmu ba ne, ka gaya wa direba tun farko a ba ka ƙwai da ganye." A riƙe tsabar kuɗin ƙasar kuma, babu ATM a hanya.