Muhawara: Faifan Springsteen na tsofaffin waƙoƙin sol, girmamawa ne ko cin gumin wasu?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Kwana biyu ke nan ina sauraron Only the Strong Survive, faifan da Bruce Springsteen ya fitar ranar 11 ga Nuwamba 2022, kuma abin da ke raina sai na faɗa ko da wasu za su ji haushi. Waƙoƙi 15 ne a ciki, babu ko ɗaya da ta fito daga alƙalaminsa. Kusan dukkansu na baƙaƙen fatar Amurka ne, na kamfanonin faifai irin su Motown da Stax. Mutumin nan farar fata ne, mawaƙin rok, kuma a ƙarshen 2021 aka ba da labarin ya sayar wa Sony waƙoƙinsa a kan kuɗin da aka kiyasta ya kai dala miliyan 500. Shekara ba ta zagayo ba ya juya ya kwaso na mutanen da wasunsu suka tsufa suna bin haƙƙinsu a kotu. Ni ban ga girmamawa a nan ba. Abin da Pat Boone ya yi wa Fats Domino ne aka sake wa riga.

Kawu Mai Garmaho: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka haɗa abin da bai haɗu ba. A 1955 Fats Domino ya fitar da "Ain't That a Shame", tana kan tashe a kasuwa Pat Boone ya fito da tasa, gidajen rediyon da ba sa son muryar baƙar fata suka rungume ta Boone, ita ce ta hau matsayi na ɗaya. Wannan fizge loma ne daga bakin mai ita. Su kuwa waƙoƙin da ke faifan nan, yawancinsu sun haura shekara 50, sun ci kasuwarsu sun gama tuntuni. Wa aka tare wa hanya?

Kuma Springsteen ba baƙo ba ne a gidan nan. Clarence Clemons, baƙar fata mai busa saksafon, yana gefensa tun farkon shekarun 1970 har Allah ya karɓi ransa a 2011. A 1981, lokacin da duniya ta manta da Gary U.S. Bonds, shi da abokinsa Steven Van Zandt suka shirya masa faifai, Springsteen ya rubuta masa "This Little Girl", mutumin ya dawo rediyo bayan kusan shekara 20. Mai cin gumi ba ya haka.

Baban Khalifa: Kawu, ban musa yana son kiɗan ba. So daban, haƙƙi daban. Tambayata ɗaya ce: kuɗin faifan nan aljihun wa yake shiga?

Maman Ihsan: Yaya, wannan tambayar tana da amsa, sai dai ba za ta yi wa kowannenku daɗi gaba ɗaya ba. A dokar Amurka, waƙa in ta riga ta fito, kowa na iya sake rera ta ya sayar ba sai ya roƙi izini ba, muddin zai biya kuɗin da hukuma ta yanke. A 2022 senti 9.1 ne kowace waƙa a kan kowane faifan da aka sayar, a 2023 aka ɗaga zuwa senti 12. Kuɗin nan na wanda ya rubuta waƙar ne da kamfanin da ke riƙe da rubutun. Wanda ya rera ta da farko, in ba shi ya rubuta ba, ko ƙwandala ba ya gani.

To ku duba faifan. Jerry Butler yana cikin marubutan waƙar da aka sa wa faifan sunanta, tare da Kenny Gamble da Leon Huff, yana da kaso. William Bell shi da Booker T. Jones suka rubuta "I Forgot to Be Your Lover", yana da kaso. Amma "What Becomes of the Brokenhearted" fa? Duk duniya Jimmy Ruffin ta sani da ita tun 1966, alhali wasu mutum uku ne suka rubuta. Ruffin ya rasu a 2014, magadansa ba su da komai a maimaicin nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Jobete, kamfanin da Berry Gordy, wanda ya kafa Motown, ya buɗe don riƙe rubutattun waƙoƙin Motown, EMI ya saye shi, Sony kuma ya gama saye ɓangaren nan na EMI a 2018. Columbia da ya fitar da faifan Springsteen shi ma na Sony ne. Kun ga kason kamfani a waƙoƙin Motown ɗin daga wannan ɗaki ya fita ya shiga wancan, duk gida ɗaya.

Baban Khalifa: Allah ya yi miki albarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Me ya rage kuma?

Maman Ihsan: A'a Yaya, kada ka ɗora mini abin da ban faɗa ba. Tsarin ne azzalumi, kuma ya girmi faifan nan nesa ba kusa ba. Gidajen rediyon AM da FM na Amurka marubuci kawai suke biya, ba sa biyan mai muryar. Sam Moore na Sam & Dave ya yi shekaru yana fafutuka a kan haka, ya kuma shiga ƙara a kan kuɗin fanshonsa. Ko Springsteen ya rera ko bai rera ba, matsayin magadan Ruffin ɗaya ne. Hanya guda da wani abu zai iya isa gare su ita ce mutane su koma su saurari ta asalin.

Auta: Anti, ni ne irin mutanen da kike faɗa. Wallahi ban taɓa jin sunan Frank Wilson ba sai da na ji "Do I Love You (Indeed I Do)" a faifan nan, ta ƙi fita daga kaina, na je intanet na nemo ta asalin. Yanzu ita na fi sa wa. Daga nan na faɗa kan Tyrone Davis da Four Tops.

Kawu Mai Garmaho: Madalla da kai, Auta. Kuma ka faɗa kan wadda labarinta ya fi na kowacce ban mamaki. Frank Wilson ya ɗauke ta a 1965 a Motown, an buga kwafi kaɗan na gwaji, sai aka tsaya a kan cewa zai zama mai rubutawa da shirya wa wasu waƙa, ba mai rerawa ba. Aka lalata faifayen, ƙalilan suka tsira. Waƙar ta kwanta fiye da shekara 10 babu wanda ya san da ita. Waɗanda suka tono ta matasan arewacin Ingila ne, yawancinsu farar fata 'ya'yan ma'aikata, masu kwana suna rawa a gidan rawa na Wigan Casino da tsofaffin faifayen Amurka da ba su yi kasuwa a gida ba. A 2009 an sayar da kwafi ɗaya a kan fam dubu 25 da ɗoriya. Shi Wilson ya koma aikin coci, ya rasu a 2012. To ka ga, ɗana Baban Khalifa, mutumin da ke neman kuɗi cikin sauƙi zai ɗauko waƙoƙin da ko yaro ya haddace. Springsteen kuwa wannan ya fara saki daga faifan. Wanda ya yi zurfi a abin ne kaɗai zai yi haka.

Mai Jita: Ku yi haƙuri in shigo ta wata ƙofar, don ni matsalata ba launin fata ba ce, ba kuɗi ba ce. Kunnena ne bai gamsu ba. A situdiyonsa na gida a New Jersey aka yi faifan nan, kuma Ron Aniello, wanda ya shirya shi, shi ya kaɗa kusan komai: ganga, jita, bes, fiyano, ɗaya bayan ɗaya ana jera su. Masu busa da masu goge da 'yan amshi aka ɗora a kai. Ko kuskure ɗaya babu, kuma abin da ya kashe shi ke nan. Kiɗan Motown mutane ne cunkushe a ƙaramin ɗaki a Detroit, makaɗan da ake kira Funk Brothers, James Jamerson yana jan bes, mai ganga yana jinsa yana ba shi amsa. A Stax ma haka, a tsohon gidan silima a Memphis. Duk wanda ya taɓa kiɗa da mutane ya san akwai abin da ke faruwa tsakanin makaɗa biyu da mutum ɗaya ba zai iya yi da kansa ba, kamar a ce mutum guda ya kaɗa dukkan kalangan Shata shi kaɗai a ɗaki, a harhaɗa daga baya. Abin takaicin shi ne Springsteen yana da ƙungiyar makaɗansa, E Street Band. Faifan Letter to You da ya fitar a 2020 tare suka zauna suka ɗauke shi cikin 'yan kwanaki. Me ya hana a nan?

Kawu Mai Garmaho: Lokacin annobar korona ne aka yi aikin, Malam Mai Jita, tara mutane a ɗaki ba sauƙi.

Mai Jita: Na sani, ranka ya daɗe, amma jira bai gagare shi ba. Phil Collins da zai yi nasa faifan na waƙoƙin Motown a 2010, Going Back, ya nemo uku daga cikin Funk Brothers ɗin, Bob Babbitt da Eddie Willis da Ray Monette, suka kaɗa masa.

Ɗan Nima: Gaisuwa daga Akara. Yaya Baban Khalifa, maganar cewa kiɗan nan yana da katangar da wani ba zai tsallaka ba, masu shi ma ba su gina ta ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin taron da ya cika dandalin Black Star ranar 6 ga Maris 1971, bikin Soul to Soul, da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Staple Singers suka zo Gana. Har ya bar duniya yana ba mu labarin daren nan. Shi Pickett ɗin a 1968 ya ɗauki "Hey Jude" ta Beatles ya mayar da ita tasa, wanda ya kaɗa masa jita Duane Allman ne, farar fata. Otis Redding ya rera "Satisfaction" ta Rolling Stones. Makaɗan Stax huɗu, Booker T. & the M.G.'s, biyu baƙaƙe biyu farare, a Memphis ta zamanin wariya. Ko "Respect" da ake ce wa ta Aretha Franklin, ta Otis ce ta 1965, ita ta karɓe a 1967. Aro da maimaici a jinin kiɗan suke.

Baban Khalifa: Ƙanena, ka lura da misalanka kuwa? Aretha ta juya "Respect" ta zama maganar mace, Pickett ya kunna wa "Hey Jude" wuta. Sun ara sun ƙara. Springsteen fa? Ya bi sawun na asalin taku bayan taku. Ɗauki "I Wish It Would Rain" ta Temptations. Rodger Penzabene ya rubuta kalmominta cikin baƙin cikin aurensa, waƙar ta fito a Disamba 1967, kafin shekarar ta ƙare ya kashe kansa. Namiji ne yake roƙon ruwan sama ya sauko don kada a ga hawayensa. In na ji David Ruffin yana rera ta, tsigar jikina tashi take. In na ji ta Springsteen, mawaƙi nake ji wanda ya iya waƙa, shi ke nan.

Kawu Mai Garmaho: A kan wannan waƙar ban ja da kai ba, babu mai kamo David Ruffin. Amma ka tuna shi ma ciwon wani ya ɗauka ya rera. Kuma ina so ka koma ka saurari "Nightshift" da kunnen dattijo. Commodores sun yi ta a 1985 don Marvin Gaye da Jackie Wilson, waɗanda suka rasu duka a 1984. Springsteen yana da shekara 73 faifan ya fito. Ya binne Danny Federici, mai kaɗa masa ogan, a 2008, ya binne Clemons bayan shekara uku. Ni da na fara ƙirga abokaina na ƙuruciya ina samun na ƙasa sun fi na sama yawa, da na ji shi yana kiran sunayen matattun nan, sai da na kashe rediyon motar na tsaya a gefen titi. Wannan ba kwaikwayo ba ne. Shi da bakinsa ya ce so yake ya yi faifan da zai tsaya ga rerawa kawai, kuma a wannan waƙar ya cika alkawari.

Mai Jita: "Nightshift" kam na sallama, ta zauna masa. Haka wurare biyun da Sam Moore ya shigo, "Soul Days" da "I Forgot to Be Your Lover" ta William Bell. Moore yana da shekara 87 lokacin da faifan ya fito, amma da ya buɗe baki sai ka ji ɗakin ya cika da mutane. Shi ya sa nake cewa da an ƙara irinsa.

Baban Khalifa: To mun zo wurin. Kawu, na janye maganar Pat Boone, na yarda ba ɗaya ba ne. Sauran ban janye ba. William Bell yana raye yana waƙa lokacin da ake aikin nan, a 2017 ma ya ci kyautar Grammy. An ɗauki waƙoƙinsa biyu, ba a ji muryarsa ko a baiti ɗaya ba. Mutumin da ke cika filin ƙwallo da jama'a, in ya tsayar da dattijo irin wannan a gefensa, ya yi masa abin da senti 9 ba za su taɓa yi ba. Ya yi wa Bonds a 1981, ya yi wa Moore, ya san hanyar. Kuma Moore da Jerry Butler duk sun rasu a farkon 2025, wata ɗaya da 'yan kwanaki tsakaninsu. A bangon faifan an rubuta kashi na 1 ne. In na 2 zai zo, waɗanda za a kira ƙarewa suke yi.

Auta: Kawu, ta William Bell ɗin da Moore ya shigo ban ji ta asali ba tukuna. Wace shekara zan nema?

Kawu Mai Garmaho: 1968, ta Stax. Ka sa abin kunne, kada ka saurara a lasifikar waya.

Mai Jita: Kuma ka kasa kunne ga jitar da ke buɗe ta, kafin ya ce komai. In ka gama ka sa ta Springsteen nan take, ka dawo ka gaya mana a wacce ka ji makaɗin yana jiran mawaƙin.