Wai da gaske fili ya ƙare a Abuja?

Alhaji dillali: Salamu alaikum jama'a. Kullum ana cewa mu dillalai muka tsauwala kuɗin fili. Ni kuwa na ce filin ne ya ƙare. Garki, Wuse, Maitama, Asokoro duk sun cika maƙil. Jahi da Katampe ma an cinye. Abin da ya yi ƙaranci dole ya yi tsada.

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ban yarda ba. Ƙasar da gwamnatin Murtala ta ware a 1976 ta kai wajen murabba'in kilomita 8,000. Birnin kansa a tsarin 1979 bai wuce wajen 250 ba. Ka ɗauki hanyar Gwagwalada zuwa Kwali da Abaji ka gani da idonka.

Malama: Injiniya, a dajin Kwali zan kwana? Wuse nake koyarwa, Masaka nake zaune, cikin jihar Nasarawa. Kafin a kira assalatu na fito, don in na makara cunkoson Mararaba da Nyanya ya riƙe ni sai rana ta take. Ni dai ina bayan Alhaji.

Injiniya: Ƙanwata, ai maganarki ce hujjata. Fili a taswira daban, filin da za a iya gina wa mutane gida daban. Idan hukuma za ta ƙidaya filin gidaje tsakani da Allah, sai ta fara cire duwatsu da fadamu da hanyoyin ruwa da ƙarƙashin manyan wayoyin wuta. Kun ga abin da ambaliya ke yi a Lokogoma, kun ga na Lugbe a 2023, galibi gini ne aka dasa a kan hanyar ruwa. Abin da ya rage kuma sai a tambaya: kwalta ta isa? Akwai kwalbati da magudana? Bututun madatsar Usuma ya kai can? Akwai gundumomin da aka raba fulotansu shekara da shekaru, takarda na hannun mutane, amma in damina ta sauka ko tifar yashi ba ta iya shiga. Wanda ya daure ya gina, shi zai haƙa burtsatse, shi zai sayi taransifoma, sannan ya ɗora duka a kan ɗan haya. Filin da hanya da ruwa suka isa shi ne ya yi kaɗan, kuma aikin hukumar raya birnin Abuja, wato FCDA, ne ta ƙaro shi.

Hajiya: Ni ko a cikin garin ban ga ya ƙare ba. Bayan gidan da nake haya akwai fuloti an zagaye shi da katanga, an sa ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa, mai gadi na noma masara da kuɓewa a ciki. Ɗiyata tana goye muka tare a unguwar, yanzu tana sakandare, ko bulo ɗaya ba a ƙara ba. Irinsa nawa ne a Abuja? Mai shi jira yake kuɗi ya ninka.

Alhaji dillali: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, dukiyarsa ce fa. Wani ya tara a zinare, wani a fili.

Barista: A nan kam Alhaji doka ba ta tare da kai. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, riƙo ake ba mutum na wa'adi, yawanci shekara 99, kuma da sharaɗin ya gina. A Abuja ƙasar duka ta gwamnatin tarayya ce, minista ke bayarwa. Shi ya sa a Satumbar 2023 ministan Abuja Nyesom Wike ya soke fulotai 165 da aka bari ba gini, daga baya kuma aka bi waɗanda ba sa biyan kuɗin ƙasa. Damuwata ita ce in an ƙwace, wa ake ba? In daga hannun babba zuwa hannun babba ne, Malama na nan a Masaka.

Kawu na Kuje: 'Ya'yana ku yi haƙuri in sa baki. Injiniya, wurin da kake gani daji daga cikin mota, gonar doyar wani ce, kabarin kakansa na gefe. Gbagyi da Gade da Gwandara da Bassa suna nan tun kafin a zana taswirar. An yi musu alkawarin sake matsuguni da diyya, har yau da yawa ba a kammala ba. Sai mutum ya wayi gari ya ga masu awo sun kafa siminti a tsakiyar kunyarsa. Duk lissafin da ya rubuta gonar nan a matsayin fili babu kowa, rigima ya rubuta.

Injiniya: Na karɓa Kawu. Ya kamata kuɗin diyya ya shiga lissafi tun farko, kafin a raba ko fuloti ɗaya.

Alhaji dillali: To duk kun dawo kan maganata. An cire dutse, an cire fadama, an cire gonar mutane, an cire wanda manya suka kulle. Me ya saura wa talaka?

Hajiya: Ba ɗaya ba ne Alhaji. In ya ƙare, ba abin da za a yi. In riƙewa aka yi ko hanya ce babu, akwai wanda za a tambaya. A Karsana ai an kafa harsashin gidaje 3,112 a Fabrairun 2024, ka ga da aka so an samu wuri. Tambayata ko malamar makaranta za ta iya biya.

Malama: Ba na jin zan iya, Yaya. Barista, wani ya yi mini tayin fuloti a bayan Kuje, takardar mai unguwa ce da ta ƙaramar hukuma. Kuɗin adashena ya kusa fitowa. In saya?

Barista: Kada ki ba da ko sisi tukuna. Takardar mai unguwa ba ta hana rusau, kuma fulotan ƙananan hukumomi da yawa hukumar rajistar filayen Abuja, wato AGIS, ba ta tantance su ba. Ki karɓo kwafin takardun da lambar fayil, ki turo mini, mu je a bincika sunan wa ke kai da kuma abin da aka ware wurin dominsa.